Ko yara za su gane The Sandlot in ba su san besbol ba?

Kin tambaya ko yaranki za su ji daɗin fim ɗin alhali ba su san besbol ba, wato wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. Za su ji, 'yar'uwa. A 1993 ya fito, amma labarin dogon hutun 1962 ne a Kalifoniya. Smalls, yaron da labarin ke kansa, baƙo ne a unguwa, ko cafe ƙwallo bai iya ba, yara na yi masa dariya, Benny kaɗai ya ja shi a jiki. Nan ne ya fi taɓa ni. Daga baya ya ɗauko ƙwallon mijin babarsa mai sa hannun Babe Ruth, wani shahararren ɗan wasan besbol, ta faɗa gidan wani ƙaton kare. Amma ki fara kallonsa ke kaɗai, akwai inda wani yaro ya sumbaci budurwa a wurin ninƙaya.