Amsa ga mai tambayar wace talabijin ce ta fi ƙarko, da batun garanti

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya alheri a hidimar da ke gabanka. Ka ce kana haɗa wa ƙanwarka kayan ɗaki, kana son talabijin inci 43, ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin LG, Samsung, Hisense da TCL, kuma wani mai shago ya yi maka alkawarin garantin shekara biyu da fatar baki. Ni gidan kallon ƙwallo nake da shi tun da daɗewa, tibi kan yi aiki a wurina daga wasan la'asar har tsakar dare, don haka na ga yadda suke mutuwa, na kuma san wahalar da ake sha kafin a tashe su.

Duk huɗun nan da ka lissafa kaya ne masu kyau, in dai na asali ka samu. Tazarar da ke tsakaninsu ba kamar zamanin iyayenmu ba ce, lokacin da ake cewa in ba ta Jafan ba ce kar a taɓa. Gilashin gaba, wanda shi ne ya fi komai tsada a jikin tibi, kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera shi a duniya, irin su BOE da CSOT na ƙasar Sin, kuma CSOT ɗin na TCL ne. Ita kanta Samsung ta daina ƙera gilashin LCD, wato irin na yawancin tibi, a 2022, saye take yi daga wasu. Sunan Toshiba da ake gani a jikin tibi kuwa, tun 2018 sashen ya koma hannun Hisense. To ka ga sunan da ke gaban akwati ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Tambayar da nake so ka riƙe ita ce: ranar da ta ɗauke hoto, ina za a kai ta, kuma wa zai karɓa?

A Najeriya kamfanin Fouani ne ke rarraba LG da Hisense, suna da shaguna da wuraren gyara a manyan garuruwa. Masu tibin Syinix da itel kuma Carlcare suke kaiwa, wurin da ake gyaran wayoyin Tecno da Infinix. Kowace za ka saya, ka sa mai shagon ya faɗa maka sunan dilan da ya ɗauko kayan a wurinsa, da unguwar da wurin gyaransu yake a garin da amarya za ta zauna. In ya fara kewaye-kewaye, ya ce "in wani abu ya faru kawo mana nan kawai", to garantin da yake magana na shagonsa ne, ba na kamfani ba.

Na taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa. Wani maƙwabcina mai sana'a irin tawa ya sayi babbar tibi a kasuwa, an rage masa kuɗi sosai, an ce garanti shekara biyu, amma rasit ɗin da aka ba shi "tibi ɗaya" kawai aka rubuta da kuɗin. Ba a daɗe ba ta fara magana babu hoto. Ya mayar, aka karɓa da fara'a, aka miƙa wa wani yaro mai gyara a bayan layi. Yau a ce jibi, jibi a ce kayan suna hanya daga Legas, ga kakar wasa tana tafiya, masu kallo suna komawa wani gidan. Da ya gaji ya ɗauke ta ya kai wurin gyaran kamfanin da sunansa ke jiki, suna juya bayanta suka ce an riga an kwance ta, hatimin ya yage, kuma lambar da ke jikinta ba ta cikin kayan da suka shigo da su. Haka ya biya gyara daga aljihunsa. Araha ba ta ado, Malam.

Saboda haka kar ka bar shagon sai da abu biyu a hannu: rasit mai hatimi, da katin garanti da aka cike. A rasit ɗin a rubuta kwanan wata, samfurin tibin, da lambar siriyal. Lambar nan tana kan takardar da aka manna a bayan tibin, tana jikin kwali, kuma a yawancin na zamani za ka same ta a cikin saitin idan an kunna. Duka ukun su zo ɗaya. Jabu ya yi yawa, ana manna suna a gaba, har tambarin kamfani ya fito idan an kunna. Hanya mai sauƙi ta kama su ita ce manhajar ciki. Samsung ta asali Tizen take amfani da shi, LG kuma webOS. In aka kunna maka mai sunan ɗaya daga cikin biyun nan ka ga Android ne a ciki, ka ajiye musu kayansu. Hisense da yawa VIDAA ne, TCL kuma galibi Google TV ko Android.

Ga wani abu da masu haɗa kayan ɗaki ba su cika lura da shi ba. Garanti daga ranar da ke kan rasit yake fara ƙirga, ba daga ranar tarewa ba. Mutane kan sayi tibi wata shida kafin biki saboda tsoron tashin farashi, a jingine ta cikin kwali a bayan ƙyaure, rabin garantin shekara ɗaya ya tafi ba a ko kunna ta ba. In da hali ka bar tibin ta zama cikin sayayyar ƙarshe. In kuma dole ne yanzu, a buɗe ta a gabanka a shago, a sa hoto fari fat sannan baƙi ƙirin, ka matso kusa ka duba ko akwai ɗigo ko layi ko wani gefe da ya fi duhu. Ranar jere kuma ka damƙa ta ga mutum ɗaya mai hankali, a tsaye za a ɗauke ta cikin kwalinta, kar a kwantar a ɗora katifa ko akwatuna a kai. Gilashi in ya tsage babu kamfanin da zai karɓa, kuma kuɗin canza shi kan kai kusan na sabuwa. Rasit da katin kuma ka ba ƙanwar taka ta adana, kai ka riƙe hotonsu a waya.

Yawancin garanti shekara ɗaya ne, wasu biyu, kuma laifin ƙira kaɗai yake ɗauka. Abin da ya fi kashe mana tibi a nan ba ya ciki: wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, janareta mai hawa da sauka, da tsawa a damina. Masu gyaran kamfani suna buɗewa su ga bod ɗin wuta, wato allon lantarkin da ke cikinta, ya ƙone sun san abin da ya faru. Shi ya sa nake cewa in kuɗinka ya tsaya daidai kan mai tsada, gara ka sauko ka ɗauki mai sauƙi a hannun dila na gaskiya, ragowar ka sayi sitabilaiza da ɗan abin nan mai jinkirta shigar wuta na wasu daƙiƙoƙi. A gaya wa amarya in hadari ya haɗo kashewa da rimot bai isa ba. A zare filogi, a kuma zare wayar dish, domin tsawa kan biyo ta nan ta shiga dikoda, ta wuce ta wayar HDMI ta ƙona babban bod. Kai kuma in kana da niyyar sa irinta a shago ko gidan kallo wata rana, ka karanta katin da kyau, wasu sun rubuta cewa amfanin gida kaɗai suke ɗauka.

Ciwon da na fi gani bayan na wuta shi ne mutuwar fitilun da ke bayan gilashi. Alamarsa murya tana fita, fuska baƙa. In ka haska tocila dab da gilashin ka ga inuwar hoto, to su ne, kuma gyaran bai kai tsadar da ake tsoro ba. Abin da ke gajiyar da su zafi ne. Tibi kan zo daga shago da haske a ƙure don ta ja ido. A mayar da ita saitin gida, a rage hasken bayan, a bar ɗan fili tsakaninta da bango saboda iska, musamman a bazara, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan baya. Nawa da nake yi wa haka sun fi daɗewa nesa ba kusa ba.

In matsala ta taso cikin garanti, kar a bari kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya. A kira lambar da ke kan katin, a karɓi takardar shaidar ajiya mai kwanan wata idan an kai. In aka yi ta ja maka rai, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma dokarta ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku a gyara, a canza, ko a dawo masa da kuɗinsa. Rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an saya" da ake bugawa a ƙasan rasit bai fi ƙarfin doka ba.

Da ni ne, in aljihu ya ba da dama LG ko Samsung zan ɗauka, saboda masu gyara sun saba da su kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. In kuɗin ya matse, Hisense ko TCL ba abin kunya ba ne a ɗakin kowace amarya, muddin akwai wurin gyaransu kusa da ita. Idan ka koma shagon, ɗauko hoton takardar bayan tibin da na katin garantin ka turo nan kafin ka biya, ka kuma faɗa mana garin da za a kai ta, mu duba tare.