Filin Sifana da Totur: Amsar Wasiƙunku kan Baburan Italiya

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga baburan Italiya, kuma yawancinsu kukan ɗaya ne: babur ɗina yana wata ƙara. Na zaɓi biyar, sauran su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Ducati Monster 900 na hannu, ƙirar 1996. In na tayar da shi yana furi, wata ƙara ke fitowa daga gefen dama, kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In na matse kuloci sai ta canza. Duk wanda ya ji sai ya ce injin ya kusa bugawa. Wanda ya sayar mini ya rantse shekara shida yana hannunsa bai taɓa bari an buɗe komai ba, don bai cika hawansa ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ya tayar maka da hankali ba komai ba ne. Rantsuwar mai sayarwar ce ta tayar da nawa.

Mu fara da ƙarar. Yawancin babura kulocinsu a cikin baƙin mai yake wanka, man ne ke haɗiye hayaniyarsa. Naka busasshe ne, babu ɗigon mai a cikinsa, al'adar da Ducati ta ɗauko daga baburan tsere. Faifan kulocin suna da kunnuwa da ke zaune a cikin tsagar wani kwandon ƙarfe, to duk bugun da injin ya yi sai kunnuwan su daki kwandon. Ƙarar ke nan. Akwai masu Ducati da ke sauya murfin da buɗaɗɗe da gangan don a ƙara jin ta. Ni dai ba na cikinsu, ƙura da ruwan sama ba abokan kuloci ba ne, amma kowa da nasa sha'awar. Kwance murfin ka leƙa. In kwandon ya yi zurfin gurbi inda kunnuwan ke duka, ko ka ga danshin mai a kan faifan, ko babur na yin ihu a hanya ba ya ƙara gudu, lokacin gyara ya yi. In babu ko ɗaya, hure ƙurar ka mayar da murfi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗora wasiƙarka a kan gaba. A wannan gefen daman dai, ƙarƙashin wasu murafu biyu, akwai bel biyu na roba masu haƙora, kowace silinda da nata. Su ne ke juya kamshaf, su ke tsara lokacin da bawul zai buɗe da lokacin da zai rufe. Ka'idar masu irin shekarun naka ita ce a canza su duk shekara 2 ko kilomita 20,000, duk wanda ya riga cika. Roba ba ruwanta da ko an hau ko ba a hau ba. Zama wuri ɗaya ma ya fi cutar da ita, don tana sandarewa a lanƙwashe yadda aka bar ta. Kuma bel ba ya gargaɗi. Ba ya kuka, ba ya kacau-kacau. Ranar da ya tsinke, bawul zai tsaya a buɗe, fistin ya taso ya same shi, daga nan sai maganar sauke inji. Don Allah kada ka ƙara tayar da babur ɗin nan sai an sa sababbi.

Aikin ba gagarau ba ne ga mai natsuwa. A daidaita alamomin tayamin kafin a cire tsohon. A juya ƙananan ƙafafun da ke ɗame bel ɗin da yatsa, wanda ya yi gurnani ko ya cije a canza shi. Ɗaurin kada ya yi tsanani, kada ya yi sako-sako. 'Yan da suna gwadawa da makullin alan mai milimita 5, su zura shi tsakanin bel da ƙafar da ba ta motsi. 'Yan yanzu kuwa tsinkar bel ɗin suke da yatsa, wayar hannu ta saurari amon ta faɗa musu ko ya yi. Bayan an gama, a cire fulogi a juya injin da hannu zagaye biyu ko uku. In wani abu ya tokare, a tsaya nan, kada a kusanci sitata.

Tunda za a buɗe, a auna bawul gaba ɗaya. A nan ne Ducati ta bambanta da kowa. A sauran injuna kamshaf ke tura bawul ya buɗe, sifirin ya dawo da shi. Injiniya Fabio Taglioni, wanda ya shiga kamfanin na Bologna a 1954, ya lura sifirin na wancan zamanin ba ya iya bin inji in gudu ya yi gudu, sai ya sa wa kowane bawul hannu biyu, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe. Shi ne tsarin da ake kira desmo, ya fara fita filin tsere a 1956. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kowane bawul awo biyu ne. Naka bawul 4 ne, awo 8 ke nan. Mai Ducati 916 bawul 8 gare shi, awo 16, shi ya sa masu shi ba su cika fara'a ranar sabis ba. Kuma ba noti ake juyawa ba, wasu 'yan ƙarafa ne masu kauri daban-daban ake musanyawa. Akwai wasu rabin zobba ƙanana da ke riƙe na rufewar. Kafin ka taɓa su, toshe ramin da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsabta, don in ɗaya ya sulale ciki ranarka ta ɓaci. Karon farko ka zauna kusa da wanda ya saba, ka kalli hannunsa.

Tambaya: Malam, Moto Guzzi V7 gare ni. In ina tsaye na murɗa totur sai in ji babur ɗin ya karkata dama. Ga kuma wani cak-cak-cak daga kan silinda. Wani makaniki ya ce zai ɗaure mini bawul ɗin ya yi tsit. In ba shi?

Amsa: Kada ka ba shi, kuma in da hali kada ka koma wurinsa.

Karkatar halitta ce. Karanshaf ɗin Guzzi a miƙe yake daga gaba zuwa baya, silinda biyu sun leƙo hagu da dama, tsarin da Giulio Cesare Carcano ya fito da shi a V7 na farko a 1967. In karanshaf ya zabura gefe ɗaya, jikin babur sai ya amsa ta ɗaya gefen. Da ka fara tafiya za ka manta da shi.

Cak-cak ɗin kuwa lafiya ce. An bar 'yar tazara ce da gangan tsakanin bawul da hannun da ke danna shi, domin ƙarfe na kumbura in ya yi zafi. In aka ɗaure tazarar ta ɓace, injin zai yi shiru, e, amma bawul ba zai ƙara zama daram a mazauninsa ba. Ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa. Bawul ɗin salansa da ya rasa shi ƙonewa yake, a hankali, ba tare da ka ji komai ba.

Abin daɗin shi ne, a duk baburan Italiya babu wanda ya kai Guzzi sauƙin wannan aiki, tunda kawunan silindar a waje suke, kana zaune kan 'yar kujera za ka yi. Bari injin ya kwana ya huce sarai. Cire murfin kai da fulogi. Sa babbar giya, ɗaga tayar baya, ka riƙa juya ta a hankali har fistin ya kai ƙololuwa bawul biyun suna rufe. A tsofaffin akwai wani ɗan rami mai toshiyar roba a gefen dama, in ka leƙa za ka ga harafin S na silindar hagu, D na dama. Kama hannuwan biyu ka girgiza, ya kamata ka ji kowanne yana ɗan motsi. Sai ka zura fila geji mai kaurin da littafin babur ɗinka ya faɗa, don awon ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Ya shiga da ɗan ja kaɗan, ba da ƙarfi ba, ba kuma a sake ba. In bai yi ba, sassauta noti, juya sukurun, riƙe shi da sukudireba ka ɗaure. Sannan ka sake aunawa, don ɗaurin kan ja sukurun ya gusa. Duk kilomita 10,000 ake yi wa V7 na zamani.

Tunatarwa tunda muna kai: babur ɗinka ba shi da sarƙa, furofela ce ke kai ƙarfi baya irin na mota. Saboda haka mai uku gare ka, na inji, na giya, da na akwatin da ke jikin tayar baya. Na ukun nan shi ne marayan da kowa ke mantawa.

Tambaya: Batir na uku ke nan na saya wa tsohuwar Ducati ɗita cikin shekara guda. Ko gaskiya ne da ake cewa wayarin Italiya ba shi da kirki?

Amsa: Wayar da ta shekara 25 tana shan zafin inji, ko a ina aka yi ta sai ta gaji. Daina sayen batir, sayi mitar awon wuta. Injin a kashe, batir mai lafiya zai nuna bolt 12.6 ko kusa. Tayar ka riƙe totur wajen juyi 3,000, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ba ya zuwa. In ya haura 15, raktifaya, na'urar da ke daidaita caji, ce ke dafa maka batir. Kafin ka zarge ta, bi wayoyi masu ruwan ɗorawa da suka fito daga inji har mahaɗarsu, sau da yawa za ka tarar robar ta yi baƙi ta narke. Ka kuma kwance baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin inji, ka kankare wurin har ya yi ƙyalli.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar Moto Guzzi 850 T3 a rufe, ya fi shekara 15 ba a tayar ba. Yayyena sun ce a sayar, ni kuwa ina so in ji kukansa ko sau ɗaya. Ƙanena ya ce mu sa batir da fetur mu gwada. Me ka gani?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, riƙe hannun ƙanen nan naki. Minti ɗaya na gwaji zai iya ɓata abin da shekara 15 ba ta ɓata ba.

T3 ya fito ne a 1975 daga masana'antarsu ta Mandello del Lario, a bakin tafkin Como, inda suke ƙera babura tun 1921. Injin ne mai jimiri ƙwarai, amma yana da abu ɗaya da ya kamata ki sani. Cikin silindar na wancan zamanin an shafe shi da kurom, kuma in ya daɗe a ajiye cikin danshi shafen kan ɓamɓare. In aka tayar a haka, ɓarɓashin zai bi mai ya zaga ko'ina cikin inji. To a fara cire fulogi a leƙa da 'yar kyamarar nan mai siririyar waya, ko a ɗaga kan silindar a gani da ido. In bangon sumul yake, a ɗiga mai kaɗan, a bar shi ya kwana, a juya da hannu.

Daga nan a zubar da mai ukun. Matatar man injin a cikin kaskon ƙasa take, sai an sauke shi, kuma gara haka, don za a kwashe dattin da ya kwanta. A wanke tanki. Kafireto biyun Dell'Orto ne, tsohon fetur ya riga ya zama danƙo a cikinsu. A jiƙa, a wanke, a hura da iska, amma kada a soka wa jet waya, ramin zai faɗaɗa. Tayoyi a canza ko da zanensu bai goge ba. Ki duba gefen tayar: lamba 4 na ƙarshe mako ne da shekarar da aka yi ta, in kuwa lamba 3 kika gani, tun kafin shekarar 2000 ce. Bututun birki da mansa su ma sababbi.

Duk wanda zai fara hawa a gaya masa birkin T3 haɗe yake. In ya taka na ƙafa, faifan baya da faifan gaba na hagu ne za su kama tare. Na hannu faifan gaba na dama kawai yake riƙewa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalacewa ce.

Fenti kuwa, shawarata ki bar shi yadda Baba ya bar shi. A wanke, a goge. Sabon fenti kullum ana iya yi, wancan in ya tafi ya tafi.

Tambaya: Ina son shiga wannan harka, in riƙa gyara da hannuna. Da wanne zan fara? Ina hangen MV Agusta F4.

Amsa: Kowa ma yana hangensa, Massimo Tamburini da ya zana 916 shi ya zana shi. Ci gaba da hange tukuna. Kafin ka kai ga fulogi sai ka tuɓe rabin babur. Fara da Guzzi V7 ko Monster mai bawul biyu a silinda wanda iska ke sanyayawa, ka nemi littafin gyaransa tun kafin ka sayi sifana.

Wajen zaɓe, in aka ajiye maka biyu, ɗaya ya ci kilomita 60,000 da takardun sabis a jere, ɗaya kilomita 6,000 amma ya shekara takwas a lulluɓe, ɗauki na farkon. Tambayi ranar da aka canza bel, ka ce a nuna maka a rubuce. Ka kuma roƙi mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Da zuwanka ɗora bayan hannunka a kan silinda. In ka ji ɗumi, ce masa za ka dawo gobe da sassafe.