Da wace manhaja zan naɗi darasi daga kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Excel a wata cibiyar kwamfuta a Ƙofar Kaura, Katsina. Ina so in riƙa naɗar abin da nake yi a fuskar kwamfutar tebur, ina tura wa ɗalibai ta WhatsApp. An ce in sayi Camtasia, wani yaro kuma ya ce zai saka min wadda aka fasa, ba sai na biya ba. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Wadda aka fasa ɗin nan ki rabu da ita. Ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta kan shigo, ga shi takardun ɗalibai na cikin na'urar. Camtasia ta gaskiya tana da kyau wajen yanka da gyaran bidiyo, sai dai ta kuɗi ce, kuma aikinki bai kai nan ba tukuna.

Ki sauke OBS Studio daga shafinta na asali. Kyauta ce tun fitowarta a 2012, ba ta manna tambari a bidiyo, ba ta ƙayyade lokaci. Bandicam, wata manhajar naɗi, ta kyautarta kuwa minti 10 take bari, da tambarinta a sama. Ranar farko OBS za ta ɗan rikita ki, amma da kin saita ta sau ɗaya shi ke nan.

Abin da na fi so ki kula da shi wuta ce. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗaukewa ta mutu nan take. Idan a tsarin MP4 na da kike naɗa, fayil ɗin ba ya kammala kansa sai an danna tsayawa, saboda haka darasin minti 40 kan iya lalacewa gaba ɗaya. Ki shiga Settings, sai Output, ki zaɓi MKV, wani tsarin fayil ɗin bidiyo. Da shi, duk abin da aka naɗa kafin ɗaukewar yana nan. In kin gama, ki buɗe File, ki danna Remux Recordings, cikin ɗan lokaci ya koma MP4 ɗin da wayoyin ɗalibai ke buɗewa.

Wajen girman hoton bidiyo, ki tsaya a 720p saboda datar yara, ki ƙara girman rubutun Excel yadda zai karantu a waya. In akwai kuɗin kashewa, ki sayi makirufo mai USB da ƙaramin UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke), domin yawancin kwamfutocin tebur ba sa zuwa da makirufo.