Amsa ga tambaya kan karanta littattafan da ke da alaƙa da shirin Lost

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kin kammala zango na biyu na Lost, shirin talbijin na Amurka a kan fasinjojin wani jirgin sama da suka maƙale a wani tsibiri mai cike da abubuwan al'ajabi, kin kuma ji cewa akwai littattafan ƙagaggun labarai da ke da alaƙa da shi, don haka kike tambaya ko ya dace ki kashe kuɗi da lokaci a kansu domin ki gano sirrin tsibirin kafin shirin ya bayyana shi. Amsar ta danganta da wanda ya rubuta littafin, da kuma ko yana cikin waɗanda ke tsara labarin shirin. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki fara yi wa kowane littafi kafin ki buɗe shi.

Littafin da aka fi ambata shi ne Bad Twin, wato mugun tagwai, wanda ya fito a 2006 ɗauke da sunan wani marubuci, Gary Troup. Babu wani mutum mai wannan suna da ya rubuta shi, domin masu shirin ne suka ƙirƙire shi suka ce yana cikin fasinjojin jirgin Oceanic 815 da ya taso daga Sidni zuwa Los Anjelis ya faɗi a tsibirin. Ainihin wanda ya yi rubutun shi ne Laurence Shames, marubucin labaran bincike, kuma ba ya cikin marubutan shirin. Za ki tuna cewa a zangon da kika gama an nuna Sawyer, ɗaya daga cikin fasinjojin da suka tsira, yana karanta wani daftarin littafi da aka tsinta cikin kayan jirgin, har wani fasinjan, Jack, ya jefa shi a wuta kafin ya kai ƙarshe. To wannan daftarin ne aka buga aka sayar wa 'yan kallo, kuma ya yi kasuwa sosai a Amurka, saboda kowa ya ɗauka amsar tana cikin shafukan da wuta ta cinye.

Abin da ke ciki labari ne na wani mai bincike mai zaman kansa da wani attajiri ya ɗauka domin ya nemo masa ɗan'uwansa da suke tagwaye. An watsa sunayen da mai kallo ya sani a cikinsa, irin su iyalin Widmore da gidauniyar Hanso da kamfanin jirgin, amma ba su wuce ambato ba. Bai yi bayanin baƙin hayaƙin nan da ke kai wa mutane hari a tsibirin ba, bai faɗi ma'anar lambobin 4, 8, 15, 16, 23 da 42 da ke yawan ɓullowa a shirin ba, bai kuma ce komai a kan mutanen da suka riga su zama a tsibirin ba. A lokacin da muke sayen shirin a faifai a nan Katsina, muna zama bayan sallar isha'i a wata majalisa da ke wajen Ƙofar Ƙaura muna muhawara a kansa, wani abokinmu ya samo littafin ya bi shi layi-layi da jan biro, ya kuma gina hasashen cewa kowane fasinja yana da mugun tagwai a tsibirin. Shirin ya ci gaba har ya ƙare a 2010 bayan zango shida, bai bi ta wannan hanya ba ko kaɗan. Sai dai adalci shi ne a faɗi cewa jigon 'yan'uwa biyu masu saɓanin hali ya ɓullo daga baya ta wata fuska da ba zan bayyana ba, don kada in ɓata miki kallo. Wannan shi ne iyakar abin da irin wannan littafi ke bayarwa: ya nuna abin da ke yawo a zukatan masu shirin, amma ba ya faɗin abin da zai faru. Akwai wasu ƙananan littattafai uku da suka fito a 2005 da 2006 a kan fasinjojin da ba a nuna a shirin ba, waɗannan kam ban ga dalilin wahalar neman su ba.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne littattafan da ake nunawa a hannun taurarin shirin ko a kan kantar littattafai, waɗanda wasu marubuta suka wallafa tun kafin a yi tunanin shirin. A farkon zango na biyu, a 2005, an haska bangon The Third Policeman na Flann O'Brien, marubuci ɗan ƙasar Ayilan, na ɗan lokaci ƙanƙani a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Desmond, mutumin da fasinjojin suka tarar a ciki, yake zaune, kuma cikin 'yan makonni aka sayar da dubban kwafinsa. Littafin ya fito ne a 1967, shekara guda bayan mutuwar marubucin, kuma sirrinsa shi ne cewa mai ba da labarin ya daɗe da mutuwa bai sani ba. Daga baya a zangon aka sake nuna wani gajeren labari na Ambrose Bierce na 1890, wanda shi ma abin da ke cikinsa yana gudana ne a tunanin mutumin da ke gargarar mutuwa. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun dole ya ce fasinjojin sun mutu tun ranar da jirgin ya faɗi, kuma wannan ne hasashen da ya fi kowanne yaɗuwa, duk da cewa jagororin shirin, Damon Lindelof da Carlton Cuse, sun sha musanta shi a bainar jama'a. A ganina marubutan sun san 'yan kallo suna tsayar da hoto su karanta kowane bango, don haka wani littafin ishara ne, wani tarko ne, wani kuma girmamawa ce kawai ga abin da suke so, kuma babu yadda mai kallo zai bambance su sai bayan labari ya ƙare. Duk da haka ina ganin waɗannan sun fi cancantar a karanta su, domin littattafai ne masu tsayuwa da ƙafarsu, ko hasashe ya rushe mutum bai yi asara ba.

Domin ki ga bambancin da kusancin marubuci ke kawowa, dubi shirin Twin Peaks na David Lynch da Mark Frost, wanda ya fara a 1990 da tambayar wa ya kashe Laura Palmer. Tsakanin zango na farko da na biyu aka fitar da littafin da ke matsayin kundin sirrin marigayiyar, kuma 'yar Lynch ɗin, Jennifer, ce ta rubuta shi bayan an faɗa mata wanda ya yi kisan. Saboda haka mai karatu da lura yana iya samun alamu na gaskiya kafin shirin ya tona asirin a watan Nuwamban shekarar. Ina dai jan hankali cewa akwai batsa da cin zarafi a cikinsa, ba abin da za a bari a hannun yara ba ne. Ko a nan ma ba a tsira ba, domin littafin da Frost da kansa ya wallafa a 2016 ya saɓa wa shirin a wurare da dama, har masoya suka rabu kan ko ganganci ne ko mantuwa. Ƙa'idar da muka daɗe a kanta idan littafi da shiri suka yi karo ita ce gani ya kori ji, abin da aka nuna a allo shi ne hujja.

Sai kuma shirin da aka ciro daga littafi tun asali, inda masu karatu ke da rinjaye na gaske. Masu karanta littafin George R. R. Martin na 1996 sun yi hasashen asalin iyayen Jon Snow, ɗaya daga cikin taurarin labarin, shekaru masu yawa kafin Game of Thrones, shirin da aka ciro daga littafin, ya tabbatar da shi a 2016 da 2017. Lost ba ya cikin wannan rukuni, don an rubuta shi ne kai tsaye domin talbijin, saboda haka babu wani littafi da ya riga shi sanin ƙarshensa.

Shawarata, Malama, ita ce ki ci gaba da zango na uku ba tare da jiran kowane littafi ba, ki riƙa rubuta sunan duk wanda aka haska da wanda ke riƙe da shi da halin da yake ciki a lokacin, domin littafin da ke hannun tauraro ya fi yin bayani a kan shi kansa tauraron fiye da tsibirin. Idan guda ɗaya za ki saya, ki ɗauki na O'Brien, amma Turancinsa yana da nauyi, yana buƙatar ƙamus a kusa. Ki guji shafukan intanet da ke sharhin waɗannan littattafai, saboda kusan dukkansu an rubuta su ne ga wanda ya gama shirin, kuma layin farko kan iya ƙone miki zango huɗu. Ina kuma roƙon 'yan'uwa da suka kammala kallo, duk wanda zai ƙara bayani a kan wannan tambaya ya faɗi zangon da maganarsa ta shafa tun a farko, domin akwai da yawa a cikinmu da ba su wuce inda Malama take ba.