Tambaya da Amsa: Sabuwar magena ta mayar da kan tebur da kantar kicin wajen zamanta

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Sati uku kenan da ƙanwar mijina ta kawo min mage 'yar wata biyar haka, saboda ɓeraye sun dame mu a sito kuma dama yara sun daɗe suna min nacin a samo musu, to Alhamdulillah ɓeraye kam sun ja baya amma wani sabon aikin ya taso min, magen nan bata da wajen zama sai kan dainin da kan kantar kicin, ina juya baya zan ganta a sama tana shinshina kwanuka, ranar Juma'a ma na soya kifi na kifa faranti a kai naje ɗauko waya a ɗaki kafin in dawo ta ture farantin ta ja guda ɗaya tayi bayan firij da shi. Maigida yace in dinga zane ta da tsintsiya ko in watsa mata ruwa, na gwada kamar sau uku, yanzu da ta hango ni sai ta ruga ƙarƙashin gado amma kullum da safe sai na tarar da sawunta a kan tebur. Ni dai wallahi ina sonta bana so a mayar da ita, sai dai ƙyanƙyami nake ji ace ƙafar da ta taka ko'ina ita ce a inda muke cin abinci. Ya zanyi?

Uwargida daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Farko dai ki ajiye tsintsiyar nan, kuma ki lallaɓa maigida shima ya bari, domin ke da kanki kin riga kin faɗi sakamakon a wasiƙarki, tana ganinki tana gudu amma da safe sawunta na kan tebur. Abinda ta koya daga dukan shine ke ce abin tsoro, teburin kuwa lafiya lau yake matuƙar bakya wajen. Mage bata iya haɗa laifin da tayi ɗazu da hukuncin da aka yi mata yanzu, in kika dawo bayan minti biyar kika same ta da kifi kika kai mata duka, ita a ganinta kawai kin shigo ne kin far mata. Watsa ruwa ma haka yake. Kuma wannan dabba ce da sati uku kacal tayi a gidanki, an raba ta da uwarta da inda ta saba, yanzu ne take tantance waye nata waye ba nata ba, in kika ɓata wannan lokacin sai kin sha wahala kafin ta sake yarda da ke. Kin san hadisin matar da aka yiwa azaba saboda mage da ta kulle bata ba ta abinci ba kuma bata sake ta ta nema da kanta ba, to amana ce kika karɓa.

Ki fara da tambayar me take nema a saman. Hawa sama ɗabi'ar mage ce tun fil azal, daga sama take hango duk wanda zai shigo, nan ne yara basa iya kamo ta su ja mata wutsiya, kuma kantar kicin da tsayinta bai wuce santimita 90 ba ai ba komai bace a wajen dabbar da in ta girma take iya tsallen mita ɗaya da rabi daga tsaye. Ga kuma ƙamshi. Sannan in kicin ɗin akwai kyankyasai ko ɓera na bi ta bayan kabet da daddare, to aikin da kuka kawo ta dominsa ne take yi. Lokacin sanyi kuma zaki ga ta fi son kan firij ko kusa da inda aka sauke tukunya saboda tayil yayi mata sanyi. Wata ma ruwan famfon sinki ne yake kai ta, musamman in yana ɗiga.

Kifin ranar Juma'ar nan shine babban abinda ya ɓata miki aiki. Sau ɗaya tak ta samu, amma zata iya hawa sau hamsin tana duba ko za'a dace kuma, don haka abu na farko kuma mafi wahala a kanki yake ke da mutanen gidan, kar ta sake samun ko ƙwayar shinkafa a saman nan. Nama da kifi su shiga kula mai murfin da yake kullewa ko firij ko cikin kabet, faranti a kife ba rufi bane a wajen mage. Kwanukan da aka ci abinci kar su kwana a sinki, in babu ruwa ko dare yayi ki zuba su a baho ki rufe, ki goge kan kantar kicin da ruwan omo saboda maiƙon da ya ɗiga ma ya ishe ta dalili. In kicin ɗinki yana da ƙofa to rabin matsalar ta ƙare, ki mayar da rufe ta al'ada musamman da daddare, kuma hakan kariya ce gare ta ita ma, mage na iya dira a kan murhun gas da bai huce ba ta ƙone tafin ƙafa ko ta turo tukunyar ruwan zafi.

Sai ki duba cikinta. 'Yar wata biyar tana kan girma, sau uku a rana ya kamata ta ci, kuma mage nama take buƙata, tuwo da shinkafa zalla basa riƙe ta, shi yasa zaki ga an cika mata kwano amma tana bin ƙamshin kifi kamar bata ci komai ba. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen nama ko kayan cikin kaza ba gishiri ba magi, dafaffen ƙwai, ko abincin mage na leda in da hali. Dabarar da tafi yi min aiki ita ce in ba ta nata kafin in ɗora tukunya, da kuma kafin a zauna cin abinci, a waje ɗaya kullum, a ƙasa, nesa da tebur. Kuma dan Allah ki ja kunnen yara, duk wanda ya miƙo mata loma daga kan dainin ya rushe miki aikin sati guda. Akwai wani abu da nake so ki riƙe da kyau, albasa da tafarnuwa guba ne ga mage ko ɗanye ko dafaffe, suna lalata mata jini a hankali, kuma kin san miyarmu babu wadda ba'a sa albasa, to ragowar miya ba abincinta bane. Madara ma da ake ganin kamar gata ce, da yawansu zawo take sa su. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kar a bar magani a kan tebur kuma kar wani ya ce bata da lafiya bari a ba ta.

Yanzu kuma ki bata nata saman. Wannan shine wajen da mutane suke tsallakewa, su hana ta ko'ina su barta ba inda zata hau, ita kuwa sai ta hau ɗin. Ki samu doguwar kujera ko wani tsohon teburi ƙarami ko ki sa kafinta ya kafa miki katako a bango kusa da taga, ki shimfiɗa tsohon tawul ko zani a kai, in da hali ya zama daga nan tana hango ki kina aiki don sau da yawa ke take son kallo. In tsayinsa ya ɗara na kantar kicin ma yafi. Duk lokacin da kika ganta a kan tebur, ba tsawa ba magana mai yawa, ki ɗauke ta a hankali ki sauke ƙasa, ki ɗan jira kaɗan sannan ki kira ta zuwa wajen nata, in ta hau ki shafa ta ki ba ta ɗan guntun busasshen kifi kamar girman ƙwayar wake. Jiran nan yana da amfani, in kika ba ta nan take tana saukowa zata ɗauka hawa tebur ne yake kawo kifin. In kuma kika ganta ta hau wajen nata da kanta ba wanda ya sa ta, nan ne ma ya fi dacewa ki ba ta. Zaki yi wannan sau goma a rana a farkon kwanaki kuma zaki gaji, ki daure.

Na dare da lokacin da bakya nan kuma, sai ki bar teburin ya kore ta da kansa. Ki yanka kwali daidai faɗin gefen tebur ki naɗe shi da selotef ta yadda gefen gam ɗin yana kallon sama, ki jera a bakin tebur da bakin kanta inda take dira, mage ta tsani abu ya manne mata a ƙafa. Wasu takardar foyil ɗin gashin kifi suke shimfiɗawa saboda ƙarar da santsin, wasu ɓawon lemu suke zubawa saboda bata son warinsa, amma gaskiya waɗannan biyun wata magen ko a jikinta, selotef ɗin yafi tabbas. Ki bar shi kamar sati biyu zuwa uku kullum ba fashi, sannan ki dinga cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ki tura kujerun dainin ciki sosai domin su ne matakalarta. Kar ki sa barkono, kar ki sa tarkon ɓera ko wani abu mai ciwo, na sha jin ana ba da wannan shawarar kuma zalunci ne.

Ƙaramar mage tana da ƙarfin da dole sai ta ƙone shi, kuma da asuba da magariba ta fi zabura. Ki ɗaura tsumma ko gashin kaza a bakin igiya ki ba yara su ja mata minti goma da yamma, sannan a ba ta abincin dare, zaki ga ɓarnar dare ta ragu sosai. Igiyar dai a ɗauke bayan an gama kar ta haɗiye.

Maganar ƙyanƙyami kina da gaskiya. A addini mage ba najasa bace, hadisin Abu Ƙatada ya nuna tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu har ana alwala da ragowar ruwan da ta sha, amma ƙafar da ta tona yashin kashinta dole a goge inda ta taka da sabulu kafin a yanka salak ko a ajiye abinci. Tunda kina Zariya ki kai ta asibitin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko wani likitan dabbobi da ke kusa da ku, a ba ta maganin tsutsar ciki a yi mata allurar ciwon haukan kare, daga wata uku ake yi kuma ta riga ta wuce. In kuma akwai sauran maganin ɓera da kuka zuba a sito kafin zuwanta ki kwashe shi yau ɗin nan, ko ɓeran da ya ci ta kama zai iya taɓa ta.

Tambaya: Anti barka da aiki, ina da ciki wata huɗu kuma muna da kyanwa da take yawan hawa inda nake girki, surukata tace lallai a fitar da ita wai tana jawo ɓari. Gaskiya ne?

Wata 'yar uwa daga Maraɗi

Amsa: Allah ya raba lafiya 'yar uwa. Maganar Mama tana da tushe, akwai wata ƙwayar cuta da ake kira toksoplasma da ake iya samu a kashin kyanwa, in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki tana iya shafar jaririn ko ta jawo ɓari. Amma a kashin take, shafa kyanwar ko zama da ita a gida ɗaya ba shi ne hanyar ba, kuma ana kamuwa da ita ta naman da bai dahu sosai ba da ganyen da ba'a wanke da kyau ba ko da babu kyanwa a gidan. Ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, shi yasa ake so a kwashe yashinta kullum, kuma wani ne zai kwashe ba ke ba har ki haihu, in ya zama dole ke ce to ki sa leda ko safar hannu ki wanke hannu da sabulu bayan nan. Ki daina ba ta ɗanyen nama, ki rufe mata kicin gaba ɗaya a watannin nan, ki wanke kan kantar kicin kafin ki fara girki. Ki zauna da Mama ki yi mata wannan bayanin cikin ladabi don tsoron jikanta ne yasa ta faɗa, kuma ranar awo ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti cewa kuna da kyanwa a gida.