Ƙanwata, ba a gudun kabon a ajin halittu

Assalamu alaikum ƙanwata. Na ga saƙonki, na yi murna ƙwarai da aka ba ki gurbin karatun ilimin halittu a nan Amurka. Sai dai tambayarki ta ba ni dariya: wai tunda kemistiri ya sha ki a WAEC, ko akwai hanyar kauce masa. Babu. Tun kafin ki ga ko kwaɗo ɗaya a ɗakin gwaji, kabon za a ajiye miki a gaba. In kuwa likitanci kike hange nan gaba, sai kin ci darasin sinadaran kabon sukutum, kuma zai sake tare ki a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci a nan.

Ni hadda ce ta kayar da ni a zangon farko. Na zo da C6H12O6 (wato kabon shida, haidurojin goma sha biyu, oksijin shida) a kaina kamar lambar waya. Rannan malamarmu ta zana sukari iri biyu, gulukos da furuktos, a allo, ta ce ga su duka C6H12O6, me ya raba su? Na yi zuru. Ashe ƙirgen ɗaya ne, jerin ne ya sha bamban. Nan ba sa tambayar nawa ne, yaya aka ɗaura shi suke tambaya.

Kabon hannu huɗu gare shi. Yana riƙe ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa, ko reshe, ko zobe, sauran hannayen su kama haidurojin, oksijin ko naitirojin. Da wannan aka gina sukari, mai, furotin da DNA.

Ki leƙa madafin Umma. Me ya sa man shanu yake daskarewa, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa? Sarƙoƙin man shanu galibi miƙaƙƙu ne, suna kwanciya jikin juna kamar damin kara. A man gyaɗa akwai inda kabon biyu suka riƙe juna da hannu bibbiyu, sai sarƙar ta lanƙwashe, ba ta jeruwa. Haka sitacin tuwo da selulos ɗin karan dawa: duka gulukos ne a jere, juyin ɗaurin kawai ya bambanta. Mu narkar da tuwo, kara ya gagare mu. Saniyar ma ba wayonta ba ne, ƙananan halittun da ke tumbinta ke yi mata aikin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne sikila, don kin san daren da muka sha kwana a asibiti da ɗan Gwaggo. Ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, amino asid (tubalan da ake jerawa a gina furotin) 146 gare ta. Na shida kaɗai ya sauya: inda gulutamik asid ya kamata ya zauna, balin ya zauna. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin kuwa gudunsa yake. Saboda haka da oksijin ya yi ƙasa, sai himogulobin su riƙa manne wa juna, su zama dogayen zare, su tanƙware ƙwayar jinin ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Ranar da na fahimci wannan a aji, kasa rubutu na yi.

Kafin ki taso, ki samu tsinken sakace da yumɓu. Ki mulmula kabon ɗaya, ki soka masa tsinke huɗu yadda kowanne zai yi nesa da sauran iyakar iyawa. Za ki ga ba a shimfiɗe yake ba kamar yadda ake zana shi a takarda. Ki gina gulukos, ki rushe, ki sake. In kin zo kuma, malamai na ware lokacin ganin ɗalibai a ofis, kada kunya ta hana ki zuwa kamar yadda ta hana ni.

Ki gaida Umma da su Baba. Ki taho mini da yaji.