Ku Tambaya, Mu Amsa: Makuwa a Daji da Guzurin Mafarauci

Rani ya kama, ciyawa ta bushe, kalangun farauta ya fara tashi a ƙauyuka. Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan ɓata a daji da abin da ake yi idan tsautsayi ya faɗa wa mutum nesa da gida. Mun zaɓi biyar.

Ɗana ya ce taswirar waya tana aiki ko babu sabis. Ni kuma da mun shiga daji sabis yake ɗaukewa. Wasa yake yi mini ko gaskiya ne? (Daga wani mafarauci a Ningi)

Ɗanka ya yi gaskiya, Malam. Abu biyu ne a cikin wayar ake haɗa su wuri guda. Akwai sabis, wanda ke zuwa daga turakun kamfanonin waya, shi ne ke ɗaukewa da an yi nisa da gari. Akwai kuma GPS, wanda ke karɓar saƙo kai tsaye daga tauraron ɗan'adam, ba ruwansa da kati ko data. Ko a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, wannan ɓangaren bai daina aiki ba. Hoton taswirar ne kawai ke buƙatar intanet, don haka tun a gida ake sauke taswirar yankin a Google Maps, ko OsmAnd, ko Organic Maps. Bayan an sauke, ka sa wayar a yanayin jirgi a ƙofar gidanka, ka buɗe taswirar ka gani ko ɗigon da ke kanta yana nuna inda kake. Idan bai nuna a ƙofar gida ba, ba zai nuna a daji ba.

Kada ka sa ran ganin burtali ko 'yar hanyar masu itace a taswirar, yawancinsu babu su. Amfaninta yana ga alamar da kai ka sa da hannunka: inda kuka ajiye babura, ƙauyen ƙarshe da kuka wuce, da duk tafki ko rijiyar da kuka tarar da ruwa. Ka duba kuma iyakar gandun da aka hana farauta a cikinsa, irin su Yankari, Kamuku da Falgore, don bin sawun dabba yakan tsallakar da mutum bai sani ba.

Batir ne ke ba mutane kunya. Wayar da ke laluben sabis inda babu shi tana zuƙe caji da sauri, saboda haka a bar ta a yanayin jirgi, a rage hasken fuska, a riƙa duba ta sau ɗaya a awa. Fawa bank mai 10,000mAh yakan cika waya kamar sau biyu. Kada a bar su a rana kan tankin babur. Idan babu sabis, wayar takan ɗauki 'yan mintoci kafin ta gano wuri, sai ka tsaya a fili ka jira. A tsakanin duwatsu ko cikin kurmi kuskurenta yakan ƙaru.

In neman agaji ya kama, hau tudu, ka cire wayar daga yanayin jirgi, ka tura saƙon tes, don yakan wuce inda kira ya kasa. Wurinka a taswirar waya lamba biyu ne, su za ka tura: birnin Kano, alal misali, yana wajen 12.0 da 8.5. Ka kwafe aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigon, ka sake karantawa kafin ka tura. Kuskuren lamba ɗaya a gurbi na biyu bayan ɗigo ya fi kilomita guda a ƙasa. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Ina da ƙaramin kamfas irin na duba alƙibla. Zai yi mini aiki a farauta, kuma yaya ake bi da shi? (Daga wani maharbi a Gaya)

Zai yi, matuƙar allurarsa na juyawa ba ta maƙalewa, kuma yana da lambobi daga 0 zuwa 360. Mai ruwa a ciki ya fi, don allurarsa ba ta rawa. Arewa 0 ce, gabas 90, kudu 180, yamma 270. A ƙasarmu bambancin arewar da allura ke nunawa da arewar taswira bai kai digiri 2 ba, ba sai ka wahalar da kanka da lissafinsa ba.

Babban abokin gabar kamfas yana rataye a kafaɗarka. Bakin bindiga, adda, wuƙa, waya, har zoben ƙarfe, duk suna jan allura. Ka jingine bindiga, ka matsa taku uku ko huɗu, ka riƙe kamfas a kwance a tafin hannu, sannan ka karanta. Kusa da mota ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ma ƙarya yake yi.

Kamfas ba ya gaya maka inda kake, fuskar da ka dosa kawai yake nunawa. Shi ya sa aikinsa ke farawa a bakin daji. Kafin ka shiga, nemi wani abu mai tsawo da ba a tsallake shi ba a sani ba: titi, kogi, layin dogo. A ce titin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, kai kuma ka shiga ta gabas, wato 90. Komai yawon da karnuka suka ja ka, in ka dosa yamma, 270, titin nan za ka tarar. Dokar ita ce ka ƙara 180 a kan lambar shigarka, ko ka rage 180 idan ta wuce hakan.

Ga wata dabara. Idan ka auna babur ɗinka da ke bakin titi kai tsaye, za ka fito titi ba ka gan shi ba, ka rasa ko dama za ka yi ko hagu. To ka kauce da gangan. Bi 280 a maimakon 270, ka san za ka ɓullo arewa da shi, da ka taka titi sai ka juya hagu. In ka san yawo ya kai ka kudu sosai, ƙara kaucewar. Kuskuren digiri ɗaya yana zama kamar mita 17 a kowace kilomita, digiri 10 a tafiyar kilomita 5 kuwa ya kusa mita 900.

Kada ka yi tafiya ido na kan allura. Auna wata kuka ko giginya da ke kan layinka, sa kamfas a aljihu, je gindinta, sake auna wata. Don sanin nisa, gwada takunka a mita 100 tun a gida, kana ƙirga saukar ƙafar dama kawai. Yawancin mutane kan samu tsakanin 60 da 70. Duk mita 100 ka mayar da tsakuwa ɗaya daga wannan aljihu zuwa wancan.

Bara hazo ya rufe mu, na yi makuwa, na yi ta tafiya sai ga ni a gindin tsamiyar da na baro. Wasu sun ce mutanen ɓoye ne. Me ya kamata in yi? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Allah ya tsare gaba. Abin da ya same ka sananne ne. A 2009 masana a Jamus sun bi sawun mutane da GPS a wani daji can da kuma cikin Sahara, suka ga muddin rana na bayyane mutum na miƙewa, da ta ɓuya sai ya fara kewaye bai sani ba. Hazon hunturu haka yake yi mana: ya ɓoye rana, ya shafe duwatsun nesa da ake kafa ido a kansu.

Da zuciyarka ta fara shakka, tsaya nan take. Yi addu'arka, zauna a inuwa, sha ruwa, ka tuna wuri na ƙarshe da ka tabbata da shi. Ɗaura tsumma a reshe. In za ka bincika, yi taku ɗari ka dawo gindin tsumman, sannan ka gwada wata fuskar. Masu neman ka sun fi saurin samun wanda ya zauna kusa da inda ya rabu da jama'a.

Idan rana na iya yin inuwa ko da dishi-dishi, kafa sanda a tsaye a wuri mai shimfiɗe, sa tsakuwa a ƙarshen inuwar, jira minti 20, sa ta biyu inda inuwar ta koma. Ta farko yamma ce, ta biyu gabas. Ɗora ƙafar hagu a ta farko, ta dama a ta biyu, fuskarka na kallon arewa ke nan. Gwajin ya fi daidai daf da tsakar rana. A lura, rana ba ta fitowa daidai gabas duk shekara: a Disamba takan karkata kudu da kusan digiri 24. Inuwar tsakar rana kuma arewa take nunawa da rani, amma a wajajen Kano daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta sai ta koma kudu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ma shaida ce idan rana ta ɓace gaba ɗaya, ko da yake a cikin kwari takan juya.

Da dare, tauraron arewa a wajenmu yana ƙasa-ƙasa, tsayin dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ɗori daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma hazo na yawan cinye shi. Taurari ukun nan da ke jere, masu biyo bayan Kaza da 'Ya'yanta, suna fitowa daidai gabas su faɗi daidai yamma. Amma ka yi amfani da su don sanin fuska kawai, ka zana kibiya a ƙasa, ka jira gari ya waye. Tafiyar dare ita ke jefa ƙafa a rami ko kan maciji.

Don kira, usur ya fi murya: busa uku, a saurara, a sake. A halin tsaron da ake ciki ba mu ba da shawarar harba bindiga sama ba, don ba ka san kunnen da zai ji ba. In za ka yi hayaƙi, share ƙasa taku uku kowane gefe tukuna, ka ɗora ɗanyen ganye a kan wutar.

Maigidana yakan yi kwana uku a farauta. Me zan tabbatar yana cikin jakarsa, kuma yaushe ya kamata in ta da hankalin mutane? (Daga wata uwargida a Rano)

Hajiya, rabin tsaronsa yana hannunki. Kafin ya fita, a rubuta a takarda: dajin da za su, ƙauyen da za su shiga ta nan, sunayen abokan tafiya, da ranar dawowa har da lokaci. A ajiye kwafi wajen Sarkin Dawa ko mai unguwa. Ku yanke magana a fili, misali in azahar ɗin ranar ta wuce babu shi babu saƙo, za a fara nema. Kada kunya ta sa ki jira dare, hasken rana masu nema ke buƙata.

Ruwa ne kan gaba. Mai tafiya a rana yana buƙatar lita 4 zuwa 6 a yini, da bazara fiye da haka, ban da na karnuka. Ruwan tafki a tace da ƙyalle, a tafasa har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs a jira minti 30. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A sa masa ƙullin sukari da gishiri: lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ashana a leda da kuma layita, tocila da batir na ajiya, usur a wuya, bandeji, ƙyalle mai tsabta, farasitamol, igiya, bargo saboda sanyin asuba, ƙuli-ƙuli da dabino. Katin shaida, katin ƙungiya da takardar izinin bindiga su ma a ƙulle su a leda.

Idan maciji ya sari ɗayanmu, ko bindiga ta tashi da mutum, muna nesa da asibiti, me za mu fara yi? (Daga shugaban wasu mafarauta a Ɓilliri)

Waɗannan biyun maganinsu ya saɓa wa juna, kuma rikita su na kashe mutum.

Saran maciji ba a ɗaure shi tamau, ba a tsaga, ba a tsotsa. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci. A janye mutum daga wurin, a cire zobe, agogo da duk abin da ke kewaye da gaɓar kafin kumburi, a ɗaura sanda a gefenta kamar ɗorin karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a kan bargo ko babur, kada ya taka. A lura da lokacin da abin ya faru. Kububuwa, wadda ta fi yi wa mutanen yankinku illa, dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya yini yana hira sannan jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Saboda haka kada a ce ya ji sauƙi a fasa tafiya, kuma kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, farasitamol kawai. Ku kuna kusa da asibitin saran maciji na Kaltungo. Sauran ƙungiyoyi su bincika tun a gida wane asibiti ne ke ajiye allurar dafi. In kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta zuba ruwa mai yawa na kamar minti 15, ba murzawa.

Raunin bindiga kuwa jini ne abin tsoro. A cusa ƙyalle mai tsabta a raunin, a danne da tafin hannu biyu da nauyin jiki na minti 10 ba ɗagawa don leƙe. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ba a zuba toka, ƙasa ko fetur. Idan a hannu ne ko ƙafa, jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, nan ne ɗauri ya halatta: ƙyalle mai faɗin yatsa uku, sama da raunin da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba. A ƙulla sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a kafe sandar, a rubuta lokacin a fatarsa da biro, kuma kada a sassauta sai a gaban likita. A lulluɓe shi da bargo ko da rana ce, a asibiti kuma a tuna da allurar tetanus.

Bindigar toka ta fi fashewa idan an cika mata albarushi, ko laka ta toshe bakinta bayan an faɗi da ita. Duk wanda ya yi tuntuɓe ya tsaya ya duba ta da sandar ɗuri, fuskarsa nesa da bakin, kafin ya ci gaba da tafiya.